Motar da ba ta da kuloci

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Ina gaida mutanen Madarunfa da kewaye, na Ɗan Isa, na Gabi, na Safo, na Jiratawa da na Sarkin Yamma, har da waɗanda muryarmu ke tsallaka iyaka ta iske su a Jibiya. Direbobin da ke tasha kuna jiran lodi ya cika, ku ɗan ƙara murya, hirar yau taku ce. Hajiya da aka kawo wa mota bana, ke ma kar ki tashi.

Yau batun giya za mu yi. To, kafin malamai su kashe rediyo, giyar mota nake nufi, ba waccan ta kwalba ba. Kuma ba kowace giyar mota ba, ta motar nan da ake kira atomatik, mai canja giya da kanta, wadda ba ta da kuloci.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Wani ƙanena yana da Corolla atomatik. Ran nan ta mutu masa a nan cikin gari, ya murza makulli, shiru. Aka taru aka tura, aka tura, ba ta tashi ba. Sai aka samo igiya aka ɗaura ta a bayan wata a-kori-kura, aka ja ta har Maraɗi, kilomita 20 da ɗoriya, mai jan kuma yana sauri don yana da lodi a gaba. Da suka isa gareji, abin da ya hana ta tashi bai wuce batir da ya gaji ba. Aka sa sabo, inji ya tashi lafiya lau. Aka sa giya, sai kuka da fizga. Ciwon da ya fitar da ita daga gida na ƴan jikkuna ne, ciwon da ta ɗauko a hanya kuwa sai da ya sayar da rago biyu bai gama biya ba.

Me ya faru cikin wannan tafiya? In muka gane wannan, rabin shirin yau ya ƙare.

A motar da muka saba, mai kuloci, ƙarfe ne ke kama ƙarfe. Ka taka kuloci, ka raba inji da taya. Ka saki, su haɗu. Atomatik ba haka take ba. A yawancinsu mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. Ku ɗauki fanka biyu ku sa su fuska da fuska, ku kunna ɗaya. Iskar ta farko za ta juya ta biyu ko da ba a kunna ta ba. To, cikin motar akwai wani abu kamar ƙwarya biyu da aka kife, a ciki akwai irin waɗannan fankoki, sai dai mai suke kaɗawa maimakon iska. Wannan man kuma shi ne ke matse faya-fayan da ke canja giya, shi ne ke shafe haƙoran ƙarfe, shi ne ke kwashe zafi. Aiki huɗu, mai ɗaya. Akwai famfon da ke zagaya da shi, kuma inji ne ke juya famfon. Inji na mace, famfo na tsaye. Ke nan da aka ja motar ƙanena, tayoyin gaba suna juya kayan cikin giyabos, amma babu mai da ke zagayawa. A bushe suka yi ta gogar juna tun daga Madarunfa har Maraɗi.

Shi ya sa kuma turi ba ya tada ta. Ko samarin unguwa duka za su taru, wahalar banza ce. In batir ya mutu, a nemo wani batir da wayoyi a yi mata jona. In kuwa dole sai an ja ta, a ɗaga tayoyin da ke jan motar daga ƙasa. A Corolla da Camry na gaba ne. Mai jan ƙafa huɗu kuwa, irin wasu RAV4, a ɗora ta kacokan a bayan babbar mota. Irin su Hilux, makanike ya kwance furofela kafin a ja. In matsar da ita kawai za a yi daga tsakiyar hanya zuwa gefe, a sa ta a N a tura a hankali, wannan ba komai.

Ni a ganina motar nan ba ta da laifi. Hannunmu ne tsohon hannu. Mun koyi tuƙi a Peugeot 404 da 504, da Land Rover, da Hiace ta haya. Abin da ubangidanka ya koya maka kana yaron mota gaskiya ne, amma gaskiyar waccan motar ce. Atomatik kuwa ba sabuwa ba ce a duniya. Tun 1939 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da ita a motocin Oldsmobile. Mu ne ta iske a makare, da motocin hannu suka yi ta sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, da yawansu daga Amurka, inda da wuya ka ga mota mai kuloci. Mota ta zo, littafinta bai zo ba. In ma ya zo, da Turanci yake, yana kwance a aljihun gaba tare da tsofaffin rasiɗai.

To, bari mu karanta haruffan nan da ke gefen sandar giya. P ta fakin ce. R ribas. N ita ce firi. D tafiya gaba. A ƙasa za ka ga 3, ko 2, ko L, wasu kuma S, ko alamar ƙari da ragi. Waɗannan ƙananan giyoyi ne, za mu zo kansu. Ba banza aka sa N tsakanin R da D ba. Motocin farko ribas na maƙwabtaka da giyar gaba, mutane suka yi ta shiga ribas ba da niyya ba, har hukumar Amurka ta wajabta, daga 1968, a sa firi a tsakani. Wannan N ɗin tana ce maka ne: tsaya tukuna.

Mu kuwa ba ma tsayawa. Dubi mai juya mota a bakin kasuwa. Yana baya, motar ba ta gama tsayawa ba, ya fizgo sanda zuwa D ya taka totur. Ka ji ƙum! Abin da ya yi shi ne ya mai da giyabos birki. Faya-fayan da ke ciki sirara ne, an lulluɓe su da wani abu mai kama da takarda. Birki an yi shi don ya cinye, a canja shi da kuɗi kaɗan. Waɗannan faya-fayai kuwa sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin a kai gare su. Taka birki, mota ta tsaya cik, ka canja, ka ɗan saurara har ka ji ta kama, sannan ka ba ta wuta. Daƙiƙa biyu ce. Haka kuma masu zuga inji a N sannan su jefa D don mota ta zabura, samari masu wasan mota ranar biki, da ku nake. Motar Baba ce, ba taku ba.

P ma akwai abin da ba a sani ba game da ita. Mutane na ɗauka birki ce. A'a. Wani ɗan ƙarfe ne, bai fi yatsa ba, da ke faɗawa cikin haƙorin wani faifai ya kulle shi, kamar sakata. In ka tsaya a gangare ka sa P ka saki birki, nauyin motar duka, fiye da tan guda, ya hau kan wannan ƴar sakata. Shi ya sa in ka dawo sandar ke ƙin fita, in ta fita kuma sai da ƙara. Ga yadda ake yi: ƙafarka na kan birki, ka ja birkin hannu, ka bar motar ta zauna a kansa, sannan ka sa P. Wajen tashi, taka birki, sa giya, sannan ka sauke na hannu. Sa P mota na tafiya kuwa, ko ba a faɗa ba.

Yanzu ga wadda na san za mu yi gardama a kanta, wato firi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man da ke tsallako mana ya yi tsada, kowa ya koma lissafin lita. Direba na ganin ɗan gangare sai ya tura sanda N, wai yana tsimin mai. Malam direba, ka saurare ni da kyau. Motocin yanzu masu kwamfuta, in ka ɗaga ƙafa daga totur mota na gudu cikin giya, kwamfutar kan yanke mai, tayoyi ne ke juya inji. In ka sa N kuwa, dole inji ya ci mai don kar ya mutu. Ribar da kake hange, in ma akwai ta, ba ta kai kuɗin shayi ba. Ga shi ka rasa riƙon da inji ke yi wa mota, komai ya koma kan birki. Akuya ta faɗo hanya, ko amalanke ya ɓullo daga gona, kana buƙatar wuta nan take, babu. Ka mayar da ita D a guje, faya-fayan su sha duka. Mai kashe inji gaba ɗaya a gangare kuwa, ya koma labarin ƙanena, ya ƙara da taurin birki da na sitiyari. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ina N take da amfani? In tsayuwa ta yi tsawo. Ka iske layi a shingen duwan na Ɗan Isa, ko kana jiran wani ya fito daga gida, sa N ka ja birkin hannu, ko ka sa P. Tsayuwar minti guda kuwa, bar ta a D ƙafarka na kan birki. Kuma ƙafa ɗaya ake tuƙa ta da ita, ta dama. Ta hagu ta yi ritaya. Wanda ya saba da kuloci yakan ɗora ta kan birki bai sani ba, yana ba da wuta yana riƙe mota, birki na ci, mai na dahuwa.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan giyar atomatik. Mun iso inda ya fi shafar mu a wannan yanki, yashi da ruwa.

Wanda ya ƙera motar nan kwalta ya sani. Mu kuwa da ka sauka daga babbar hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, sai abin da Allah ya yi. Hanyoyin ƙauyukan Gabi, na wajen dajin Babban Rafi, gangaren gulbi da rani, duk rairayi ne. Mota ta kafe, me muke yi? A taka totur har ƙasa, taya na wulwulawa, a jefa R, a jefa D, a jefa R, yara na ihu suna turi. A cikin minti biyar na wannan kokawa, man giya na iya yin zafin da bai yi ba a tafiyar Maraɗi zuwa Zinder. Ku tuna fankokin nan biyu. Ɗaya na gudu, ɗaya ta ƙi motsi, duk ƙarfin inji sai ya koma zafi a cikin mai. A ƙa'ida man na aiki ne wajen digiri 80 zuwa 90. In ya zarce sosai sai ya ƙone, robobin da ke riƙe shi su taurare, faya-fayai su fara zamewa. Ka haɗa da zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a inuwa.

Dabarar yashi tun kafin a shiga take farawa. Sauko da sanda zuwa 2 ko L, don kar motar ta yi ta hawa da sauka tsakanin giyoyi a tsakiyar rairayi. Riƙe wuta daidai, ba zabura ba sassautawa. In yashin mai tsawo ne, rage iskar taya kaɗan, ka mayar in ka hau tsandauri. Mai jan ƙafa huɗu da ke son shiga ƙaramin ƙarfi, wanda aka rubuta L4, ya tsaya cik, ya sa N, sannan ya shiga. In kuma duk da haka ta kafe, da ka ji taya ta juya sau ɗaya sau biyu ba ci gaba, ɗaga ƙafarka. Sauke fasinja. A tone gaban tayoyi, a shimfiɗa kara ko reshe ko tsohuwar tabarma. A bar inji na aiki a P na ɗan lokaci mai ya huce. Sannan a gwada a hankali, jama'a na turawa. Na san akwai jin nauyi, babban mutum da babbar riga yana tonon yashi. Shebur ɗaya a but ya fi kuɗin giyabos sauƙi.

Lodi ma haka. Motar gida ce, an cika ta da buhunan gero, ko na zogale daga fadamar Jiratawa, an ɗora mutum bakwai. In ka ji tana canja giya sama da ƙasa ba ta zauna ba, sauko da ita 3, ko ka danna ɗan maɓallin nan na O/D da ke jikin sanda a tsofaffin Toyota. Kuma kar ka riƙe mota a hawa da totur. Birki ne aikinsa.

Da damina kuma, in Gulbin Maraɗi ya kawo a watan Agusta, ƙoramu sun cika, sai ka ga direba ya tsaya ya auna ruwa da ido, ya ce za ta wuce. Wataƙila inji ya wuce. Amma a saman giyabos akwai ƴar ƙofar shan iska. Ƙarfe mai zafi ya shiga ruwan sanyi, sai ya zuƙo ruwa ta nan. Ruwa kaɗan ya isa ya saɓule abin da aka manna wa faya-fayan. Ba ranar za ta nuna ba, sai bayan mako biyu ko wata, ka rasa dalili. In ka ratsa ruwan da ya kai cikin mota, duba man washegari. In ya koma kamar an dama shi da nono, kar ka ƙara tuƙa ta, a zubar a wanke. Irin wannan launi kan fito kuma in lagireto ya fashe ta ciki, domin a motoci da yawa bututun man giya ta cikinsa yake bi ya huce. Ku lura da wannan: lagireton da ya toshe da ƙura, ko fankar da ba ta juyawa, ba inji kaɗai suke cuta ba.

Sai shi kansa man. A nan ne ake yi mana ɓarna mafi yawa, kuma da kyakkyawar niyya. Man giyar atomatik ba baƙin mai ba ne, ba kuma man giyabos mai kuloci ba ne, wancan mai kauri. Yawanci ja ne, garai-garai kamar zoɓo. Amma ja ba ya nufin iri ɗaya. Toyota na da wanda ake kira T-IV, na tsofaffi, da WS na waɗanda suka biyo baya. Honda na da nata. Akwai Dexron na General Motors, akwai Mercon na Ford. Sannan ga wata giya daban da ake kira CVT, tana cikin Nissan da yawa da sababbin Corolla, ita ba haƙora take canjawa ba, bel ne na ƙarfe ke tafiya tsakanin faifai biyu. Ita man ta dabam ne sam. Ka zuba mata na gama-gari, bel ya fara sulɓi, shi ke nan. Kama da wane ba ta wane. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne, don wanda ke gabansa yake son sayarwa. Sau da yawa an rubuta sunan man a jikin sandar awo ko a littafin mota. Ka sa yaro ɗan makaranta ya karanta maka, ka riƙe sunan kamar sunan maganin hawan jininka. Wanda ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin hanya kuwa, ba ka san asalinsa ba, bar shi.

Awon ma da ƙa'ida. A yawancin Toyota, mota ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, a bi da sanda ta kowane harafi a dawo P, sannan a zaro sandar awo. Honda kuwa kashe inji ake yi a auna nan take. Ɗiga shi a farar takarda. Ja ko ruwan hoda, lafiya. Ya yi duhu, lokaci ya yi. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, an riga an yi ɓarna. Kar ya gaza, kar kuma ya wuce alama, don in ya yi yawa kumfa yake yi. Wasu sababbin motoci ba su da sandar awo ko kaɗan, sai a gareji. Za ka ji an ce man irin waɗannan ba a canja shi har abada. Wanda ya faɗi haka bai zo Safo da bazara ba. Ga mota mai aiki cikin zafi da ƙura da lodi irin tamu, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a canja tsakanin kilomita 40,000 zuwa 60,000. Kuma a kula, motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In allonka ya nuna ka yi 30,000, ka kusa 50,000 ke nan.

Giyabos ba ya mutuwa bai yi magana ba. Ka sa D, ta yi jim kafin ta kama. Inji na ƙugi, gudu bai ƙaru ba. Tana harbi in za ta canja. Ka tashi da safe ka ga ɗigon ja a ƙasan mota. Ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi hawa, fitila ta kama a allo. Wannan na ƙarshe kwamfutar ce ke kare giyar, tana ba ka damar lallaɓawa zuwa gareji, ba zuwa Katsina ba. Kuma ƴan uwana makanikai, ina girmama ku, amma ba kowace harbawa ce ke nufin a sauke giyabos ba. Wani lokaci mai ne ya ragu, wani lokaci waya ce ɓera ya ci, ko ƴar na'ura guda ta gaji. A fara sa mata kwamfutar bincike, akwai masu ita a Maraɗi. Wanda bai taɓa buɗe atomatik ba, ba abin kunya ba ne ya ce a kai gaba.

Mai shirin sayen mota, Alhaji, kar ka yarda da wadda aka riga aka ɗumama maka. Je ka da sassafe, a tada ta a gabanka tana sanyi. Taka birki, sa R, ƙirga: ɗaya, biyu. In ba ta kama ba, akwai magana. Yi haka a D. Zaro sandar awo ka sansana. Sannan ka hau kwalta da ita har ta bi giyoyinta duka, ka dawo ka leƙa ƙarƙashinta kafin a fara zancen kuɗi.

Lokaci ya cim mana. Wani direba daga tashar Ɗan Isa ya aiko yana tambaya kan cire abin nan da ke daidaita zafin inji, da makanikai ke yi wa kowace mota da ta sauka daga jirgi, wai ƙasarmu da zafi. Malam, tambayarka ta iso, kuma da ita za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida mutanen tasha.

(Kiɗan rufe shiri)